Yadda Ake Gane Linux a Labaran Talabijin, da Inda Ido Ke Yaudarar Mai Kallo

Ranar 19 ga Yulin 2024 tashoshin talabijin na duniya sun wuni suna nuna hoto iri ɗaya: allunan filayen jirgin sama, bankuna da asibitoci sun koma shuɗi. Wani gyara mai kuskure da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura ne ya durƙusar da kwamfutocin Windows, waɗanda Microsoft ya ƙiyasta sun kai miliyan 8.5. Ba sai mai karanta labarai ya ambaci sunan babbar manhajar ba, kowa ya gane ta, domin Windows kamfani ɗaya ne ke tsara fuskarta, kuma fuskar nan ita ce a ko'ina.

Linux ba haka take ba. Tana bayyana a labarai fiye da yadda ake zato: a ɗakunan binciken kimiyya, a cibiyoyin harba kumbo, a kan allon talla da ya lalace, a kwamfutar da 'yan sanda suka baje a kan tebur. Sai dai ba a cika ambaton sunanta ba, kuma ba ta da fuska guda. Wannan ne ya sa masu sha'awarta ke tsayar da bidiyo su ƙura ido, wani ya ce Ubuntu ce, wani ya ce a'a, Mac ce. Mafi yawan irin wannan gardama tana tasowa ne daga rashin sanin abin da kyamara za ta iya tabbatarwa da abin da ba za ta iya ba.

Abin da kyamara ba ta gani

Asalin abin da ake kira Linux ƙwaya ce kawai, wato zuciyar da ke raba aiki tsakanin na'ura da manhajoji. Linus Torvalds ne ya fara rubuta ta a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki da ke Finland, aka kuma sake ta a ƙarƙashin lasisin GPL wanda ya ba kowa damar karantawa, gyarawa da rabawa. Wannan ƙwayar ba ta zana taga ko maɓalli. A kanta ake ɗora kayan aiki, da yawansu daga shirin GNU da Richard Stallman ya sanar a 1983. A kan waɗannan kuma ake ɗora fuskar da ido ke gani: GNOME, KDE Plasma, Xfce, Cinnamon da sauransu. Masu haɗa waɗannan sassa su zama babbar manhaja cikakkiya su ne irin su Debian, Ubuntu, Fedora da Linux Mint.

Kamar mota ne: mai kallo daga bakin titi yana ganin jiki da fenti, amma inji yana rufe. Ana iya ɗora jiki ɗaya a kan inji daban. KDE da Xfce, alal misali, suna gudu a kan FreeBSD, wadda ita ma buɗaɗɗiyar babbar manhaja ce amma ba Linux ba. Ganin KDE a allo yana nuna buɗaɗɗiyar manhaja tabbas, kuma galibi Linux ce a ƙasa, amma "galibi" ba "tabbas" ba ce.

Ƙananan manhajoji kuwa ba sa shaida komai. Firefox, LibreOffice, VLC da GIMP duk buɗaɗɗu ne, kuma duk suna aiki a Windows da macOS. Wanda ya ga tambarin VLC a kusurwar allo ya ce ya ga Linux, ya yi gaggawa.

Alamomin fuska

Ubuntu ce ta fi sauƙin ganewa, saboda launinta. Tun daga fitowar 10.04 ta Afrilun 2010 kamfanin Canonical, mai haɗa ta, ya koma launin shunayya mai duhu haɗe da ruwan lemo. Kafin nan, daga fitowar farko ta Oktoban 2004, ruwan ƙasa take. Wannan launi yana tsira ko da hoto ya dishe, domin matse bidiyo yana cinye ƙananan haruffa kafin ya cinye babban fili mai launi ɗaya. Idan aka ga jerin gumaka a tsaye a gefen hagu, da siririn layi baƙi a sama, da bango mai shunayya, an yi kusa.

Abin da ya fi daɗi shi ne, ana iya ƙiyasta shekarun manhajar daga inda agogo da maɓallan taga suke. Lambar kowace fitowar Ubuntu shekara ce da wata: 22.04 na nufin Afrilun 2022. Daga 10.04 zuwa 17.04, maɓallan rufewa da rage taga suna hagu. Daga 11.04 zuwa 17.04 fuskar Unity ce ke aiki, agogo yana sama ta dama. A 17.10 Ubuntu ta koma GNOME, maɓallan suka dawo dama, agogo ya koma tsakiya. Saboda haka idan rahoton da aka ce na wannan makon ne ya nuna Ubuntu mai maɓallai a hagu, abu biyu ne: ko wurin yana riƙe da tsohuwar manhajar da ba a sabunta ba, ko kuma tashar ta ɗauko tsohon hoto daga ma'ajiyarta. 

Agogo a tsakiyar layin sama yana daga cikin alamomi mafi ƙarfi, domin ba Windows ba macOS, babu mai yin haka da kansa. Sifar GNOME ce tun fitowa ta 3 a Afrilun 2011. A kusurwar hagu akwai kalmar Activities, wadda aka maye gurbinta da ƙananan ɗigogi a GNOME 45 na 2023. GNOME tsantsa, irin ta Fedora ko Debian, maɓalli ɗaya tak take sa wa taga, na rufewa.

KDE Plasma ita ce mai wahala. Layinta yana ƙasa, maɓallin buɗe manhajoji yana hagu, agogo yana dama, daga nesa sai a rantse Windows ce. Bambancin yana kan maɓallan taga: a salonta na asali, na ragewa kan kibiya ne mai kallon ƙasa, na faɗaɗawa kan kibiya mai kallon sama, alhali Windows gajeren layi take sa da murabba'i. Wannan sai hoto ya fito da kyau ake iya gani. Cinnamon ta Linux Mint ita ma tsarin Windows take bi, sai dai tambarinta a kusurwar hagu ta ƙasa yana tona ta.

Rikitar Unity da macOS ya daɗe yana ɓatar da mutane, domin dukansu suna sa maɓallai a hagu da jerin zaɓuɓɓukan manhaja a layin sama. A Mac maɓallan uku ne, ja, rawaya da kore, ga kuma tambarin tuffa a ƙarshen hagu. A Unity na rufewa kaɗai ke da launi, ruwan lemo, sauran biyun masu toka-toka ne.

Salon haruffa yana taimakawa idan kyamara ta matso. Windows tana amfani da Segoe UI tun zamanin Vista, macOS tana amfani da San Francisco tun 2015, Ubuntu tana da nata salon mai zagayayyun kafaɗu, Plasma kuma Noto Sans. Amma wannan shaida ce ta ƙarin ƙarfi, ba wadda ake dogara da ita kaɗai ba. Akwai wata tsohuwar alama da ba ta da tagwai: kibiyar linzami da ta zama babban harafin X baƙi a kan fili marar komai. Wannan na X11 ne, tsohon tsarin zana tagogi a allo, idan ya tashi ba a ɗora masa wata fuska ba, kuma ana yawan ganin sa a allunan talla da manhajarsu ta mutu ta bar su tsirara.

Baƙar taga mai rubutu

Nan ne aka fi yin kuskure. Duk sanda labari ya shafi kutse, sai a nuno baƙar taga da rubutu na gudu, mai kallo ya ce Linux. Tagar umarni tana nan a kowace babbar manhaja. Abin da za a karanta shi ne abin da ke cikinta.

A fara da farkon layi. A yawancin nau'o'in Linux yana zuwa ne da sunan mai amfani, alamar @, sunan kwamfuta, sannan ~$ a ƙarshe. Idan ya ƙare da # to mai cikakken iko ne ke aiki. A Windows layin yana farawa da C:\ ko PS C:\. A Mac, tun fitowar Catalina ta 2019, layin yana ƙarewa da %, amma tsofaffin Mac suna ƙarewa da $ kamar Linux, don haka alamar $ kaɗai ba ta raba gardama. Hanyar fayil ta fi ta: /home/ sai suna, na Linux ne, /Users/ sai suna, na Mac ne.

Umarnin girka manhaja yana nuna dangi kai tsaye. Wanda ya rubuta apt yana kan Debian ko wata daga zuriyarta, irin su Ubuntu, Mint da Kali. Wanda ya rubuta dnf yana kan Fedora ko Red Hat da 'yan uwanta, pacman na Arch ne, zypper na openSUSE, brew kuwa galibi na Mac. Kali, wadda kamfanin Offensive Security ya fitar a 2013 don masu gwada ƙarfin tsaro, tana da tambarin dodo mai kama da maciji a bango, kuma tun ƙarshen 2020 farkon layinta ya zama hawa biyu, sunan mai amfani a sama, wurin rubutu a ƙasa. Ita ce aka fi nunawa a rahotannin kutse.

To amma ko an karanta duk wannan daidai, saura tambaya ɗaya: a wace kwamfuta rubutun yake gudu? Hanyoyi uku ne ke sa Linux ta bayyana a allon da ba nata ba. Ta farko ita ce shiga daga nesa ta SSH: ma'aikaci yana zaune gaban Windows, ya buɗe PuTTY ko makamancinsa, yana ba wata sabar umarni a wani gari. Ta biyu ita ce WSL, sashen da ke gudanar da manhajojin Linux a cikin Windows, wanda Microsoft ya shigar cikin Windows 10 a 2016. Fitowarsa ta farko ba ta ma ɗauke da ƙwayar Linux, sai ta biyu da ta fito ga kowa a 2020. Alamarsa ita ce hanyar fayil mai farawa da /mnt/c/. Ta uku ita ce kwamfuta a cikin kwamfuta, ta hanyar VirtualBox ko VMware, inda Kali ko Ubuntu ke zaune a cikin taga ɗaya. A duka ukun maganin ɗaya ne: a bar tsakiyar allo, a duba gefuna. Layin ƙasa na Windows, ko maɓallan taga ta waje, su ne ke faɗin gaskiyar mai masauki. Idan mai kyamara ya yanke gefunan, abin da za a iya cewa shi ne an ga Linux tana aiki, ba a san a ina ba.

Lokacin da na'ura ta gaza

Shaida mafi ƙarfi takan fito ne sa'ad da abu ya lalace, domin a lokacin ne kaɗai abin da ke ƙasa ke leƙowa. Allon tashar jirgin ƙasa ko na kujerar jirgin sama da ya sake tashi yana iya nuna baƙin shafi mai rubutun GNU GRUB a sama, wato manhajar da ke ɗauko ƙwayar idan an kunna na'ura. Yana iya nuna jerin layuka kowanne da OK kore a farkonsa, wanda aikin systemd ne yana tada sassa ɗaya bayan ɗaya. Yana iya nuna hoton Tux, alamar Linux, tsuntsun ƙanƙarar nan da Larry Ewing ya zana a 1996, a jere a saman allo. Yawan tsuntsayen ba ado ba ne: ɗaya ake zanawa ga kowane sashen lissafi da ƙwayar ta gano a na'urar. A Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar da ta fito a 2012 kuma ta cika bayan allunan talla, ana zana 'ya'yan itacen tambarinta a madadin tsuntsu: ɗaya a samfurin farko, huɗu a samfura na 2, 3 da 4. Babban murabba'i mai launukan bakan gizo da ya tsaya cak a allo shi ma na Raspberry Pi ne, kuma yana nufin na'urar ta kunna amma ta kasa ɗauko ƙwayar, galibi saboda katin ajiya ya lalace ko wutar ba ta isa ba. Idan kuma aka ga layin da ya fara da Kernel panic - not syncing, an gama magana, wannan saƙon mutuwar ƙwayar Linux ne.

Shuɗin allo kuwa ya daina zama na Windows kaɗai. A Disamban 2023 systemd ta 255 ta zo da wani sashe mai nuna saƙon gazawa a cikakken shuɗin allo tare da lambar QR, sannan a 2024 ƙwayar Linux kanta ta samu allon gazawa nata. Windows ma tana sa lambar QR a nata tun 2016. Abin da ke bambanta na Windows 8 zuwa 10 shi ne babbar fuskar baƙin ciki ta alamomin rubutu biyu a sama, da sunan kuskure cikin manyan haruffa a ƙasa.

Kama da wane ba ta wane

Ana iya sauya fuskar Linux ta koma kamar kowace manhaja, ana kuma iya yi wa Windows ado ta yi kama da Linux. Babban misali shi ne Red Star OS ta Koriya ta Arewa. Fitowarta ta 3.0 ta kwaikwayi macOS sosai, har wanda ya hango ta a rahoto zai ce Mac ce. Masu bincike biyu 'yan Jamus, Florian Grunow da Niklaus Schiess, sun buɗe cikinta a taron Chaos Communication Congress na Disamban 2015, suka nuna Linux ce da aka gina a kan Fedora, aka ƙara mata kayan sa ido da ke yi wa fayiloli alamar ɓoye. Wannan misali yana kuma tunatar da cewa a ɗauko buɗaɗɗiyar manhaja ba ya nufin abin da aka gina da ita zai kasance buɗaɗɗe ga mai amfani.

Sai hotunan cike gurbi. Rahoton da ya shafi kutse ba shi da abin nunawa, domin kutse ba ya da hayaƙi ko jini. Edita yakan ɗauko bidiyon da aka saya ko aka ajiye: yatsu a kan madannai, koren rubutu na zuba. Da yawansu ba aikin komai suke nunawa ba. Akwai 'yar manhaja mai suna cmatrix da aikinta kawai zubo koren haruffa, akwai wata mai suna hollywood da ke raba allo gida-gida ta cika shi da abubuwa masu motsi don ya yi kama da ɗakin masu leƙen asiri. Wani lokaci htop ne kawai, wanda ke nuna yawan aikin da kwamfuta ke yi, ko jerin saƙonnin sabunta manhaja. Linux ce a hoton, amma ba ta da alaƙa da labarin. Alamun hoton cike gurbi sanannu ne: ba a ganin fuskar kowa, hasken ɗakin shuɗi ne ko kore, kyamara tana tafiya a hankali, kuma hoton ba ya komawa kan wanda ake hira da shi a wuri ɗaya. Tashoshi masu kula sukan rubuta a kusurwa cewa hoton na ajiya ne.

Wannan dabi'a tana da illa ta gaske. Idan duk sanda jama'a suka ga tagar umarni a talabijin labarin laifi ake yi, sai taga ta zama alamar laifi. A Fabrairun 2020 wata takardar faɗakarwa mai ɗauke da sunan sashen yaƙi da manyan laifuka na yankin West Midlands a Ingila ta lissafa Kali Linux da kwamfuta a cikin kwamfuta cikin abubuwan da iyaye za su kai rahoto idan sun gani wurin 'ya'yansu, abin da ya jawo suka daga masana tsaro. Kayan da aka lissafa su ne kayan koyon sana'ar kare kwamfutoci, kuma yaron da aka tsoratar daga gare su an rufe masa ƙofar sana'a mai kyau.

Yadda ake bincika hoton

Allon da ke bayan wanda ake hira da shi yakan bayyana na daƙiƙa biyu ko uku, kuma ƙarami ne. Lissafin yana da sauƙi. A ce allon kwamfuta mai faɗin ɗigo 1920 ya cinye rubu'in faɗin hoton. A bidiyo mai ingancin 360p, wanda faɗinsa ɗigo 640 ne, allon ya koma ɗigo 160, wato an matse shi sau 12, harafi mai tsayin ɗigo 12 ya zama ɗigo ɗaya. A 1080p allon ya samu ɗigo 480, harafin ya samu uku. Har yanzu ba zai karantu ba, amma siffar layuka, inda agogo yake da launuka za su fito. Don haka matakin farko shi ne neman kwafi mafi inganci, daga tashar kanta, ba wanda wani ya ɗauka da waya daga fuskar talabijin ba.

Daga nan sai a bi hoton ɗaya bayan ɗaya. A YouTube, idan an tsayar da bidiyo, maɓallin aya yana matsawa gaba hoto ɗaya, na waƙafi yana komawa baya. A VLC harafin E ne ke matsawa gaba. Hotunan ba daidai suke da juna ba: matse bidiyo yana ajiye cikakken hoto lokaci-lokaci, sauran kuwa bambanci kawai ake adanawa, don haka hoton da ya fi fitowa yakan zo ne bayan kyamara ta tsaya da motsi na ɗan lokaci, ba nan da nan bayan an yanko wurin ba.

Idan an naɗi bidiyon kai tsaye daga tashar da ke watsawa a tsarin 1080i, kowane hoto rabi biyu ne da aka saƙa, kowane rabi layi 540, ana aiko 50 a daƙiƙa a Turai, kusan 60 a Amurka. In kyamara na motsi, gefunan haruffa sai su yi haƙora kamar na matsefi. Ana warware wannan da manhajar sarrafa bidiyo ta FFmpeg: ffmpeg -ss 00:02:10 -i labari.mp4 -t 4 -vf yadif=1 hoto_%03d.png. Wannan umarni yana tsallakawa zuwa minti 2 da daƙiƙa 10, ya ɗauki daƙiƙa 4, ya fitar da hoto ɗaya daga kowane rabi, wato hotuna 200 a tsarin Turai. A ajiye su a PNG, domin JPEG zai ƙara matse abin da ya riga ya matsu.

Abubuwa biyu ke ɓata launi. Ɗaya shi ne zanen igiyoyi masu launi da ke fitowa idan ɗigogin allo suka ci karo da ɗigogin kyamara. Ɗayan shi ne daidaita farin haske: kyamarar da aka saita don fitilun ɗaki tana mayar da allo shuɗi-shuɗi, baƙi ya yi kama da shunayya, har a ɗauki tagar kowa a ce ta Ubuntu ce. A kwatanta da wani abu fari ko baƙi da ke cikin hoton kafin a yanke hukunci kan launi. Sannan a guji manhajojin ƙara ingancin hoto masu ƙirƙirarriyar basira. Ba sa dawo da harafin da ya ɓace, ƙirƙiro wanda ya yi kama da harafi suke yi, kuma suna iya rubuta kalmar da ba ta taɓa kasancewa a allon ba.

Ƙa'idar da ta fi amfani ita ce a nemi alamomi biyu da ba su dogara da juna ba, misali tsarin fuska da kuma hanyar fayil, tare da ganin gefunan allo. Launin bango da tambarin da ke kan bangon alama ɗaya ce, domin kowa na iya ɗora hoton Ubuntu a bangon Windows. Sitika a murfin kwamfuta ba ta nuna komai sai abin da mai ita yake so.

Akwai kuma batun amana. Wanda ya ƙware a karanta allunan bayan fage zai riƙa ganin abin da ba a yi nufin nunawa ba. A Afrilun 2015, bayan kutsen da ya katse shirye-shiryen TV5Monde ta Faransa, an yi hira da wani ma'aikacinta a talabijin, a bayansa ga takardu manne ɗauke da kalmomin sirri na wasu asusun tashar. Duk wanda zai yaɗa hoton allo don nuna Linux, wajibi ne ya fara rufe sunayen mutane, adireshin sabar da duk abin da ya yi kama da kalmar sirri.

Me ganin yake nunawa

A ce an tabbatar Linux ce. Abin da aka tabbatar shi ne kwamfuta ɗaya, a ɗaki ɗaya, a ranar da aka ɗauki hoton. Ba ya nuna hukumar ta ƙaura daga Windows. Irin wannan ƙaura ana sanin ta ne daga takardun hukuma. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawara a 2003, ya kammala mayar da kusan kwamfutoci 15,000 kan LiMux, nasa nau'in Linux, a 2013, sannan majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows a 2017. Jandarmomin Faransa sun gina nasu nau'in, GendBuntu, a kan Ubuntu. Jihar Schleswig-Holstein ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux. Hoton ofishin Munich na 2014 da na 2024 labari biyu ne daban, kuma tasha tana iya nuna na farkon a rahoton na biyun.

Wani abin kuma, wuraren da Linux ta fi ƙarfi su ne wuraren da ba a ganin ta ko kaɗan. A kwamfutocin tebur rabonta ƙarami ne, kusan kashi 4 cikin 100 a ƙididdigar StatCounter ta 2024. Amma tun Nuwamban 2017 duka kwamfutoci 500 da ke jerin TOP500 na mafi ƙarfin lissafi a duniya Linux suke amfani da ita, kuma abin da rahoto ke nunawa daga cikinsu akwatuna ne masu fitilu. Ƙaramin jirgin Ingenuity da ya tashi a duniyar Mars ranar 19 ga Afrilun 2021 da Linux yake aiki. Allunan taɓawa na kumbon Dragon, waɗanda miliyoyin mutane suka kalla ranar 30 ga Mayun 2020, an gina su da Chromium, manhajar buɗe shafukan intanet, a kan Linux, amma babu tambari ko taga da za ta nuna haka. Injiniyoyin SpaceX ne suka bayyana daga baya. Wayar Android da ɗan rahoto ke riƙe da ita ƙwayar Linux ce a cikinta.

Haka ma akwatin da ake kallon labaran. Tizen ta talabijin ɗin Samsung, webOS ta LG, da Android TV da ke cikin na Sony da wasu, duk a kan ƙwayar Linux suke. Wannan ana iya tabbatar da shi ba tare da tsayar da bidiyo ba, domin lasisin GPL ya wajabta wa mai sayar da na'ura ya sanar da mai saye, ya kuma ba shi hanyar samun lambobin tushe. A shiga saitunan talabijin, a nemi sashen tallafi ko na bayanin na'ura, sannan shafin lasisi ko bayanan doka. A can akwai dogon jerin manhajojin da ke cikin akwatin, da rubutun GPL, da adireshin da ake neman lambobin. A wasu samfuran bayanin yana cikin littafin da ya zo da na'urar ko a shafin kamfanin na intanet.